Ciyawar Da Muke Tugewa A Gona, Ita Ake Biyan Albashi A Raina A Filin Golf

A ƙasar Gazawa da Agye da Gidan Rumji babu wanda za a tsaya yi wa bayanin cewa ciyawa kuɗi ce. Da zarar an kawar da amfanin gona rani ya fara kankama, sai amalanken shanu da na jakuna su riƙa kwararowa kasuwa ɗauke da harawar wake da ta gyaɗa, da dammunan gamba na saƙar zana, da kyasuwa da burburwa na abincin dabbobi. Matar da ta ɗaure rago a turke tana jiran Babbar Sallah ta fi kowa sanin yadda kuɗin dami ke hawa idan aka shiga bazara.

To amma akwai wata sana'ar ciyawa da yawancinmu ba mu san da ita ba, wadda ba yanka ake yi a ɗaura a kai kasuwa ba. A wannan sana'a ana ɗaukar mutum aiki ne domin ya raini ciyawa tana nan a inda take, ya ba ta ruwa da taki, ya yi mata aski kullum, ya kare ta daga cuta da gara, a ƙarshen wata a biya shi. Inda aka fi yin wannan aiki da ƙwarewa shi ne filin wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu. Mun ga ya dace mu kawo wa masu karatu, musamman iyaye 'yan kasuwa da ke neman hanyar da za su ɗora 'ya'yansu, bayanin wannan sana'a da ribarta da kuma haɗarinta.

Mene ne golf?

Golf wasa ne da ya bunƙasa a ƙasar Sikotilan, kuma garin Sant Andurus ne ake ɗauka a matsayin gidansa, domin a can ne tun shekarar 1764 aka tsayar da ramuka 18 waɗanda daga baya suka zama ƙa'idar cikakken fili a duniya. Ɗan wasa yana bugun wata 'yar ƙaramar ƙwallo fara da sanda, daga wuri mai nisa har ya jefa ta cikin rami mai faɗin milimita 108, wato kamar bakin babban kofi. Wanda ya gama ramukan da bugu mafi ƙaranci shi ne ya ci. Cikakken fili kan kai hekta 50 zuwa 60, abin da ya fi gonakin gidaje da yawa idan aka haɗa su.

Ko da yake wasan na masu hannu da shuni ne, filin ba ya tsayuwa sai da talaka. Doguwar hanyar da ake bi zuwa rami ana aske ciyawarta ta tsaya wajen milimita 10 zuwa 15, amma ɗan da'irar da ke kewaye da ramin ana aske shi har ya koma milimita 3 ko 4, ya yi sumul kamar darduma, don ƙwallo ta gangara ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Duk wanda ya taɓa noma ya san cewa tsiron da ake datsewa haka kullum yana dab da mutuwa ne, sai da gwani zai rayu. Wannan gwanin shi ne mai kula da fili.

Sana'ar kuwa ta daɗe. Wani dattijo mai suna Tom Moris, wanda ya riƙe filin Sant Andurus kusan shekara 40 daga wajen 1864, shi ne ya shahara da al'adar barbaɗa yashi a kan ciyawa domin ta yi laushi ta daidaita, kuma har gobe ana bin wannan dabara a duk duniya.

Abincin wani gubar wani

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne irin ciyawar da ake shukawa. A ƙasashe masu zafi, ciyawar da aka fi dasawa a filayen golf da na ƙwallon ƙafa ita ce wadda Turawa ke kira ciyawar Bamuda, wadda ba wata ba ce illa kiri-kiri ɗin nan da masu lambu a gulbin Maraɗi ke kwana suna tsine wa. Halin da ya sa manomi ya ƙi ta shi ne ya sa mai fili ya so ta: tana yaɗo ta sama tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, tana jure zafi da tattaki, kuma ko an sare ta guntun da ya rage sai ya sake tohowa.

Wani masanin tsirrai ɗan Amurka mai suna Gilen Baton, da ya yi aiki a garin Tifton na jihar Jojiya, shi ne ya fitar da irin da ake kira Tifway a shekarar 1960, irin da aka samu daga auren kiri-kiri da wata 'yar uwarta mai siririn ganye daga Afirka ta Kudu, wanda ya bazu a filayen wasa na ƙasashe masu yawa. Wannan iri ba ya yin 'ya'yan da za a shuka, sai dai a tsinki jijiyoyinsa a dasa, kamar yadda ake dasa dankali. Shi dai wannan masani shi ne kuma ya yi aikin inganta gero, wanda ƙasar Indiya ta ci moriyarsa tun daga shekarun 1960. Ashe ilimin gero da ilimin ciyawar golf gida ɗaya suka fito.

Haka kuma abin yake idan aka juya shi. Jihar Maraɗi ce kan gaba wajen noman aya a Nijar, kuma ƙasar Agye da Gazawa da Cadawa na cikin wuraren da aka fi sanin ta. Ana loda ta zuwa Najeriya, ana kai ta har Sifen inda mutanen Balansiya ke yin wani abin sha da ita mai kama da kunun aya. Amma a filin golf, aya da ɗan uwanta jiji suna cikin manyan abokan gaba, domin sun fi ciyawar fili saurin tashi, kuma idan aka tuge su 'ya'yan da suka rage a ƙasa su sake fitowa. Yaron da ya taso yana taya uwarsa tankaɗe ƙasa da rariya lokacin haƙar aya ya san zurfin da take kwanciya da yadda take ɓuya, sanin da wani sai ya zauna a aji kafin ya same shi.

Ina filayen suke?

Babu filin golf a Gazawa, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a shekarar 2011 bayan an cire ta daga Agye, kuma babu a Gidan Rumji. Mai neman wannan aiki sai ya yi tafiya, amma tafiya ba baƙon abu ba ce ga matasanmu da ke fita cin rani kowace shekara. A arewacin Najeriya akwai tsofaffin filaye tun na zamanin Turawa. Na Refil a Jos an kafa shi a 1913 lokacin haƙar kuza, na Kaduna a 1921, kuma akwai a Kano da Zariya. A Abuja akwai babban filin IBB mai ramuka 18 da aka buɗe a 1991, wanda ke shimfiɗe da koriyar ciyawa. A Nijar kuwa an san filin Riyo Barabo da ke bakin kogin Kwara a wajen birnin Yamai.

Saboda ƙarancin ruwa, tsofaffin filayen ƙasashenmu da dama ba su fara da ciyawa a bakin rami ba. Yashi ake tankaɗewa a cuɗa shi da baƙin mai a shimfiɗa, ma'aikaci ya riƙa jan wani abu kamar buhu ko katako yana lailaye shi bayan kowane rukunin 'yan wasa ya wuce. Filin Riyo Barabo da irin wannan tsari ya yi suna. Shi ma aiki ne mai buƙatar hannu, sai dai duk filin da ya samu hali ciyawa yake son komawa, kuma daga nan buƙatar gwanaye ke tasowa.

Bugu da ƙari, wanda ya iya ciyawar golf ya iya ta ko'ina, domin ita ce mafi wuya. Akwai filayen ƙwallon ƙafa irin su na Janar Seyni Kunce a Yamai, da na Sani Abaca a Kano, da na Muhammadu Dikko a Katsina, da na Ahmadu Bello a Kaduna. Akwai filayen folo, da manyan otal-otal, da ofisoshin jakadanci, da gidajen attajirai. Rashin kula da fili ba ƙaramar asara yake jawowa ba. A watan Satumba na 2024 sai a garin Barkan na ƙasar Maroko ƙungiyar Mena ta karɓi baƙuncin Gana, saboda filin Yamai bai cika sharuɗɗan hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ba, kuma kyan ciyawa na cikin abubuwan da hukumar ke dubawa. Duk cinikin da masu abinci da masu masauki da masu sufuri za su yi a ranar wasa, can ya tafi. A Abuja ma sai da Alhaji Aliko Ɗangote ya ɗauki nauyin sake shimfiɗa ciyawar babban filin wasa na ƙasa a shekarar 2020.

Yadda aikin yake

Mai kula da fili kan riga kowa tashi, domin kafin 'yan wasa su fito da hantsi dole an gama askin bakin ramuka, an share raɓa, an ja manjagara a kan ramukan yashi da ake haƙawa don su zama tarko ga ƙwallo. Ana sauya wa ramin ƙwallo wuri a kai a kai, saboda kada tattaki ya kashe waje ɗaya. Ban-ruwa kuwa da dare ko da asuba ake yi, lokacin da rana ba za ta shanye shi ba.

Akwai ƙa'idojin da kowane ma'aikaci ke koya tun farko. Ba a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a aski guda. Ba a aski da dakusasshiyar wuƙa, domin tana yaga ganye ne cuta ta samu ƙofa. Ba a ba ciyawa ruwa kaɗan-kaɗan kullum, gara a ƙosar da ita sannan a bar ta ta nema, don saiwarta ta nutsa ƙasa. Sau ɗaya ko biyu a shekara ana bi da inji a huhhuda ƙasa a cika ramukan da yashi, saboda ƙasar da aka tattake ta samu iska. A filayen zamani, ƙarƙashin bakin rami akwai cakuɗen yashi mai zurfin santimita 30, a ƙasansa tsakuwa santimita 10, a ƙasanta kuma bututun zurar da ruwa, tsarin da hukumar golf ta Amurka ta fitar tun 1960.

Aikin hawa-hawa ne kamar yadda yaron shago ke zama mai shago. Ana farawa ne daga lebura mai tugar baƙuwar ciyawa da tura baro. Wanda aka ga hankalinsa sai a ba shi injin aski, daga nan ya zama mai kula da famfunan ban-ruwa, ko mai feshi, ko makaniken injuna. A sama akwai mataimaki, sannan shugaban fili, wanda ke riƙe da lissafin taki da mai da magani da albashin ma'aikata, yana kuma rubuta abin da aka zuba wa kowane yanki da ranar da aka zuba. Nan ne ɗan 'yan kasuwa ke da fifiko, domin ya tashi yana ganin yadda ake raba uwa da riba.

Maganar ruwa

Babban ƙalubalen wannan sana'a a ƙasarmu shi ne ruwa, kuma lissafinsa ba shi da wuya. Idan aka zuba ruwa mai zurfin milimita 1 a kan hekta guda, an zuba lita 10,000 ke nan. A tsakiyar bazara ciyawa kan buƙaci milimita 6 ko fiye a yini, wato lita 60,000 a kowace hekta, daidai da durom 300, ko jarka 2,400 masu cin lita 25. Idan fili yana shayar da hekta 30 kawai, yana shan lita 1,800,000 a rana ɗaya. Mu kuwa a yankinmu ruwan sama na shekara gaba ɗaya bai cika wuce milimita 400 zuwa 600 ba, shi ma cikin wata uku ko huɗu yake sauka, kuma har yanzu akwai ƙauyukan da mata ke yini a bakin rijiya.

Don haka ba muna kira ne a zo a shimfiɗa filin golf a gulbin Kaba ba. Abin da muke nunawa shi ne, tsadar ruwa ce ta sa ake neman wanda ya iya tattalinsa. Birnin Dubai ya buɗe filin golf mai ciyawa na farko a yankin Gabas ta Tsakiya a 1988, kuma filaye da dama a ƙasashen Larabawa da ruwan kwata da aka tace suke ban-ruwa. A gasar cin kofin duniya ta 2022 a Katar, ciyawar da aka shimfiɗa iri ce mai jure ruwan gishiri. Mutumin da ya koyi raya ciyawa da ruwa kaɗan, ilimin nan zai yi masa amfani ko ya dawo gida ya kama lambun albasa ko na zogale.

Ina za a koya?

Yawancin masu wannan aiki a ƙasashenmu a bakin aiki suka koya, amma mai takarda ya fi saurin hawa. Abin da ake buƙata shi ne ilimin ƙasa da taki, da ban-ruwa, da kare tsirrai daga ƙwari da cuta, da ɗan gyaran inji, kuma duk ana koyar da irin waɗannan a makarantun aikin gona. Akwai tsangayar aikin gona ta Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, da makarantar horar da malaman gona ta Kollo kusa da Yamai. A Najeriya akwai kwalejin aikin gona ta Samaru a Zariya, da ta Audu Baƙo a Ɗambatta, da kwalejin tarayya ta aikin lambu da ke Daɗin Kowa a jihar Gombe. Yaron da ya iya karanta rubutun jikin buhun taki da kwalbar magani, da Faransanci ko da Ingilishi, ya kuma iya auna faɗin fili ya fitar da yawan abin da za a zuba, ya riga ya sha gaban takwarorinsa. 'Ya'ya mata ma ba a bar su a baya ba, domin renon dashe da riƙe lissafi da gwajin ƙasa duk ayyuka ne da suke yi a wasu ƙasashe.

Ina rabon 'yan kasuwa?

Ko ba a je filin golf ba, akwai ciniki a gefen wannan sana'a. Duk wanda ya bi titunan Kano ko Kaduna ko Abuja ko Yamai ya ga masu sayar da furanni da dashen itatuwa a bakin hanya, kuma cikin hajarsu har da ciyawar dashe da ake sayarwa a buhu ko a faifaye. Mai fili da mai gida duk suna sayen ruɓaɓɓen takin dabbobi da aka tankaɗe, da tankaɗaɗɗen yashi, da takin zamani irin yuriya da 15-15-15, da tiyo da manjagara da kayan gyaran inji. Sai dai taki ɗanye ba ya karɓuwa, domin yana ƙone ciyawa yana kuma zuwa da 'ya'yan ƙarangiya da sauran haki. Wanda ya iya ruɓar da taki ya tace shi da kyau shi ne zai riƙe abokin ciniki.

Hattara dai

Akwai abubuwa uku da muke jan kunnen jama'a a kansu. Na farko, maganin feshi guba ne. Duk yaron da aka ba wannan aiki ya nemi safar hannu da takalmin roba da abin rufe hanci, kada ya yi feshi cikin iska, kada ya ci goro ko abinci sai ya wanke hannu da sabulu. Jarkar da aka juye magani daga cikinta ba ta shiga kasuwa, ko an wanke ta sau goma ba a zuba mata mai ko ruwa ko kunu.

Na biyu, ga mata masu kiwo: ciyawar da aka aske daga filin wasa ko gidan wani attajiri tana da kyan gani, kore shar, amma idan ba a jima da yi mata feshi ba tana iya illata dabba. Kafin a saya a tambayi inda ta fito, kada neman araha ya ja asarar ragon da aka yi wata shida ana wahala da shi.

Na uku, a kiyayi dillalan da ke karɓar kuɗin mutane da alƙawarin aikin lambu a Dubai ko Saudiyya. Wanda zai tafi ya tafi da cikakkun takardu, ya san sunan wurin da zai yi aiki, a rubuta albashinsa da lokacin aikinsa da wanda zai biya kuɗin magani idan ya ji ciwo. Ko Najeriya ce za a shiga a riƙe takardar shaida, ganin yadda aka rufe iyaka daga 2019 zuwa 2020, aka sake rufewa a 2023, sannan Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma a watan Janairu na 2025.

Hausawa na cewa raina kama ka ga gayya. Mutanen ƙasar Agye sun riga sun nuna wa duniya abin da ake iya yi da tsiron da aka raina, domin a ƙauyuka irin su Ɗan Saga ne manoma suka riƙa barin kututturen itace suna tohowa a gonaki suna yi musu sassabe na hikima, har ƙasa ta sake yin inuwa, baƙi daga ƙasashe da dama suka riƙa zuwa ganin yadda aka yi. Hannun da ya iya wannan ba zai kasa renon kiri-kiri ba. Abin da ya rage ga iyaye shi ne, idan yaro zai fita nema, a ba shi shawarar ya kama aikin da zai koyi wani abu a cikinsa, a kuma taimaka masa da ɗan karatun da zai ɗaga shi daga tura baro zuwa riƙe lissafi. Allah Ya yi wa nemanmu albarka, Ya ba mu damina mai kyau.